Hoton Ƙirji da Sunan Yaya

"Mama, zauna tukuna," in ji nas ɗin asibitin Kafanchan, tana riƙe da hoton ƙirji. "'Yarki tana da tarin fuka, kuma ya daɗe a jikinta."

Na zauna. Jami'a ce ta ce kowane sabon ɗalibi ya kawo sakamakon gwajin tarin fuka kafin rajista. Babbar 'yata, wadda ta samu gurbin, ta yi sati biyu tana tari. Na ji tsoro kada a dawo mana da ita, ga shi har mun yi godiya a coci. Sai na bar ta a gida, a Kwoi, na kira ƙanwarta daga gonar citta, na ce ta amsa sunan yayarta a asibiti. Sun yi kama, kuma ita ba ta taɓa yi mini musu ba.

Na faɗa wa nas gaskiya. Daga baya aka gwada babbar, ashe mura ce kawai.

Amma a ranar, nas ta juya wajen ƙaramar. "Tun yaushe kike tari?"

"Tun bayan Ista," ta ce, kanta a ƙasa. "A gona nake yi. Ana shirin makarantar Yaya, ban so in dami Mama ba."

Sai a lokacin na dube ta da kyau, na ga ta rame har zaninta ya zagaye ƙugunta sau biyu. Wata shida ina zuba mata tuwo da hannuna, ban gani ba.