Tabo a Kafet ɗin Haj Sanoussi

Lamine ya durƙusa a lungun da ke tsakanin katanga da ɗakin girki, yana kankare fenti da bakin cokali. Bai yarda da wuƙa ba, don wuƙa zare take yankewa. Kafet ɗin kuwa ja ne, mai gashi, irin wanda maigidansa Haj Sanoussi yake cire takalmi tun daga ƙofa saboda shi.

Da safen nan uwargida Nazira ta ce ya fito da shi daga ɗakin ajiya ya kakkaɓe ƙura, baƙi za su zo ranar Juma'a. Yana warware naɗin ya ga kore, ba ɗigo ba, malala guda, ta bushe ƙam. Ya san hannun da ya yi wannan ɓarna.

Maliki ne, ɗan garinsu na Tanut. Lamine da kansa ya je unguwar Jadid ya tsamo shi daga cikin masu zaman jiran aiki, ya rantse wa Haj cewa ba a yi mai fenti irinsa ba. Maliki ya shafe bangon ɗakin baƙi da koren fentin ruwa, ya kulle kansa a ciki wuni guda wai yana ƙarasa aiki, ya naɗe kafet, ya wuce garin Ghuddwa yankan dabino. To ga ƙarashen aikin.

Shekarun nan ne da rediyo ba ta da magana sai haɗin kan Afirka, kowa ɗan'uwan kowa. Motar 'yan sanda dai ba ta sauraron rediyo: duk ɗan'uwan da ta samu babu iƙama, wato takardar zama, sai ta kwashe shi. Lamine ba shi da ita. Haj Sanoussi ya yi alkawarin tsaya masa idan taron Juma'a ya yi kyau, domin yana harin kujera a wani kwamiti, baƙin nan kuma manyan 'yan kasuwa ne daga Nijar da Chadi da Mali. Yanzu ya yi tafiya Tarabulus; idan ya dawo ya tarar da kafet ɗinsa a haka, Lamine ya san hanyar Sahara ce za ta sake ganinsa.

Don haka bai gaya wa kowa ba.

Lungun bai ɗaukar kafet ɗin a shimfiɗe, sai ya riƙa warware kamu biyu, ya gama, ya naɗe, ya ƙara warwarewa. Ya jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ya bar fentin ya yi laushi, ya kankare. Sannan ya danna tsumma ya ɗaga, ya danna ya ɗaga, daga gefe zuwa ciki. Gugawa ce ke tura fenti gindin zare, kuma Lamine ba yau ya fara wankin kafet ba. Inda ya ƙi, ya ɗiga alkol ɗin goge rauni da ya saya a kantin magani, bayan ya gwada a ƙuryar da ba a gani.

Yana aiki yana tsine wa Maliki a zuci. Ɗan banzan ma, da alama, ya yi ƙoƙarin sharewa da burushi, ga sawun gashin nan jere. Tabon ya faro siriri, ya yi ta faɗi yana tafiya, ya tsiro wani tsini a gefe. Can kusa da shi wani guntu ya fantsama shi kaɗai kamar ƙwallon dabino. Wajen sama har da ɗigon farin fenti, saboda mutum idan zai ɓata abu gara ya ɓata da launi biyu.

Uwargida ta leƙo sau ɗaya ta tambayi warin mene ne. Ya ce maganin kwari. Yatsunsa suka tsattsage, bayansa ya ƙage, amma ran Alhamis da la'asar ya bi kafet ɗin da ruwan tsami kaɗan, ya shanya, ya taje gashin. Ko uwar da ta haifi kafet ɗin ba za ta ce ya taɓa ganin fenti ba. Ya naɗe ya mayar, kuma rabon da ya ji daɗin kansa haka har ya manta.

Juma'a bayan masallaci gida ya cika. Sai ga Maliki, cikin sabuwar riga, baki har kunne. Lamine ya harare shi, ya ce a ransa: yi ta dariya, ba ka san wanda ya rufa maka asiri ba.

Haj Sanoussi ya tsayar da baƙin a ƙofar ɗaki, ya yi jawabi mai tsawo kan 'yan'uwantaka, wani yana fassarawa. Ya ce yau za su zauna a kan abin da babu gidan da ke da irinsa a duk yankin Fezzan. Ya yi wa Lamine da Maliki alama, suka kama naɗin, suka tura.

Kafet ya shimfiɗu daga bango zuwa bango, ja jawur, fes. Baƙi suka ce masha Allah bisa ladabi. Lamine ya sunkuyar da kai don kada a ga murmushinsa. Da ya ɗago ya ga Maliki yana zagaya kafet ɗin, har ya ɗaga gefe ya leƙa ƙasansa.

Haj Sanoussi ya dubi kafet, ya dubi Maliki. Sannan, da Hausarsa ta kasuwa, a hankali:

"Maliki, taswirar Afirka da ni sa ka zana a nan, ina ya tafi?"