Ungozoma da 'Yan Kwikwiyo Uku

Tun da mijinta ya rasu, Ungozoma ba ta da abokiyar hira sai karyar da ya bari. Shi kafinta ne, a ƙarƙashin bencin aikinsa karyar ta girma, tana birgima cikin garin katako. Ko bayan an rufe shagon, kullum da la'asar sai ta je ta kwanta a bakin ƙofar, kamar mai jiran a zo a buɗe.

Ana nan sai karyar ta haifi 'ya'ya uku. Ko ido ba su buɗe ba mota ta buge uwar a bakin titi, ta mutu.

Ungozoma ta sha kuka. Ta shiga shagon ta zaro wata tsohuwar durowa, ta shimfiɗa zaninta a ciki, ta jera marayun. Ɗayansu yana da farin tabo a goshi, sak na uwarsa. A kansa ta ɗora ranta.

In rana ta yi sanyi sai ta fito da durowar tsakar gida, ta zauna tana kallonsu har gyangyaɗi ya ɗauke ta. A cikin gyangyaɗin nan takan ga mai tabon ya zama ƙato, yana kwance ƙarƙashin benci. Takan ji ƙarar zarto daga shago, da ɗan tarin da marigayi yake yi in ƙura ta shige masa hanci. Sai ta farka tana murmushi, ƙanshin katako na tashi daga durowar.

Autarta ta zo gaishe ta, ta leƙa ta gan su. Ta ce, "Mama, ga likitan dabbobi can bayan kasuwa. Ki je ki tambaye shi yadda ake shayar da su mana."

"Ke tafi can!" in ji Ungozoma. "Ni da rabin unguwar nan a hannuna suka faɗo? Ke kanki wa ya koya miki tsotso? Jariri ai jariri ne, ko da wutsiya ya zo."

Ta ɗauko fidar shan madarar jikanta, ta ƙara faɗin hudar bakinta da allura don kada su wahala, ta dama madarar gari. Sai ta ɗauki kowanne ta kwantar da shi rigingine a hannunta, kamar yadda ta saba yi wa 'ya'yan mutane, tana jijjigawa tana yi masa waƙa. In madara ta ɓullo masa ta hanci sai ta goge da bakin zani tana dariya. "Kai, wannan akwai haɗama!"

Ba a jima ba ƙirjinsu ya fara ƙugi. Na farko ya daina tsotso, da safe ta tarar da shi ya sandare. Na biyu ya bi shi. Da ta ga mai tabon ma yana buɗe baki yana neman iska, sai ta naɗe shi a gyale ta nufi bayan kasuwa, ko takalmin kirki ba ta tsaya sawa ba.

Likitan ya saurari ƙirjinsa, ya ce ta nuna masa yadda take ba shi madara. Ta kwantar da shi rigingine ta nuna.

"Wayyo, Mama," ya ce a hankali. "Kwikwiyo a kife yake sha, cikinsa a ƙasa, yadda yake kwanciya jikin uwarsa. In ya sha a rigingine, madarar huhunsa take gangarawa. Kuma suna da madararsu daban. Da tun farko kika zo."

Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma mai tabon ya cika a tafin hannun da ya karɓi haihuwar rabin unguwa.

Da la'asar ta fito da durowar tsakar gida kamar kullum. Ta zauna ta rufe ido, ta kasa kunne tana jiran ƙarar zarto. Shiru, babu abin da ta ji.

Jama'a, ƙauna ita kaɗai ba ta raya jariri, na mutum ne ko na dabba, kuma gwanintarka a wani fanni ba ta hana ka tambaya a wani. In rai ya faɗo hannunka, nemi masu sani tun yana numfashi.