Kwanon da Jafaru Ya Raina

Tun ranar da Jafaru ya sayi babur ya fara kabu-kabu a Kusada, ya yi rantsuwa shi da ganye har abada. A Bauranya ya tashi, kuma bai manta da damunar da rumbunsu ya ƙare ba, suka riƙa wuni da kwana a kan tafasa da rama. A wurinsa duk wanda ka ga yana cin ganye, to babu ce ta kama shi.

Sai ya shiga ramuwar gayya. Da safe shayi mai kauri, sukari har sai cokali ya kusa tsayawa, da burodi shafe da bota. Da rana lemon kwalba mai sanyi, ɗaya na bin ɗaya. Da yamma taliyar mai shayi da tsire mai kitse. Tumbi ya fito, wuya ya cika, abokan tasha suka laƙaba masa Alhaji. Shi kuwa ya ɗauka hutu ne ya zo.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Beatrice, wata Kirista 'yar kudu mai sayar da kayan miya, wadda unguwa ke kira Maman Amanda. A bayan ɗakinta ta shuka zogale da alayyahu. Kusan kullum sai ta miƙo wa matarsa Basira kwano ta kan katanga: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, tumatir da albasa.

"Ki ba maigidan ya taɓa," haka take cewa.

Jafaru yakan buɗe ya yatsine fuska. "Mi za ni yi da abincin awaki? Kai wa akuyarki."

Da yake ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam, sai ya sa a ɗora kwalbar lemo biyu a kai, don ta san gidan ba yunwa ake ba. Ita kuwa ta karɓa ta yi godiya, gobe ma kwano ya dawo.

Basira ba ta ba akuya ba. Ita da 'ya'yanta suka riƙa cinyewa, har ta roƙi reshen zogale ta dasa a tsakar gida, ta koyi rage mai da gishiri a miya.

Sau ɗaya tak Maman Amanda ta yi masa magana, ran da ta gan shi ya shanye ruwa moɗa uku a tsaye.

"Malam Jafaru, kana yawan tashi fitsari?"

Ya yi dariya. "Zafi ne, Maman Amanda."

"Haka mijina ya fara, shi ma zafi ya ce. Ciwon suga ne ya tafi da shi. Don Allah ka je a auna ka."

"Ni da nika ɗaukar mutum biyu da buhun gero? Lafiyata lau."

Ba ta ƙara ba. Shi ma bai je ba.

Wata ranar kasuwa, a hanyarsa ta dawowa daga Kankiya, salansar babur ɗinsa ta ƙone shi a ƙafar dama. Ƙuna ce irin wadda kowane ɗan kabu-kabu ya saba da ita. Ya shafa baƙin mai, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki. Mako ya wuce, wata ya wuce, gyambo sai faɗi yake. Sai da wari ya fara korar fasinja, sannan ya yarda aka kai shi asibiti a Katsina.

Likita ya duba sakamakon jini, ya duba ƙafar, ya girgiza kai. "Sugan nan ya daɗe a jikinka. Da ka zo da wuri, da magani da gyaran abinci sun riƙe shi. Yanzu ko ƙafar, ko ranka."

Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ƙafar da yake taka birki da ita ke nan. Babur ya koma hannun wani.

Abokan tasha sun zo dubiya, kowa da ledar lemo, don abin da suka san yana so ke nan. Maman Amanda ta rufe shagonta ta biyo mota da kwanon nan nata. Ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Ta ajiye, ta ce, "Sannu, maƙwabcina. Allah ya ba ka lafiya."

Kunya ta kama Jafaru har ya kasa kallonta. Ya sa hannu ya ci. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, kwaɗon da daɗi.

Yanzu yana zaune a ƙofar gida da sandunansa, yana shan maganinsa a kan lokaci. Zogalen Basira ya zarce katanga. Kullum da azahar takan fito da kwaɗo a faranti babba, 'yan kabu-kabu su tsaya gaisuwa, ya tura musu gabansu. Wasu sun karɓi reshe sun kai gida, wasu har sun je an auna su.

Ran nan wani daga cikinsu, Harisu, ya tsuke baki. "Alhaji, ganye kuma?"

Jafaru ya janye zanen da ya rufe dungulmin. "Ni sai da na ba da wagga kafin in ci. Kai ka ci da ƙafafunka biyu."

Harisu ya wanke hannu.

Jama'a, ganye ba alamar talauci ba ne, ƙiba kuma ba ita ce lafiya ba. Mu rage zaƙi da maiƙo, mu je a auna mu tun da sauran dama. Kuma kada mu raina ɗan alherin maƙwabci, ko mu gaji da miƙa namu, domin kwano ɗaya yana iya gyara cimar gida guda.