Kwandon da Ke Kiran Suna

Tunda aka kawo kwandunan shara masu magana jami'ar nan, gulma ta daina daɗi. Kana jefa abu, kwando zai kira sunanka, ya faɗi abin da ka zubar.

Ina shara da hantsi sai ga Ramatu, ɗalibar da ke gaishe ni kullum, hannunta a dunƙule.

"Iya Tabawa, ki rufa min asiri. In aka ji, korata za a yi."

Na karɓa, na ja ƙafata na jefa.

"Tabawa Isiyaku," in ji kwando. "Tsinken gwajin ciki. Akwai ciki."

Shekarata saba'in fa! Masu gadi har da tafi.

Yanzu ga takarda, wai gobe in je awo. To, zan je. Gulma mafi daɗi a makarantar nan tana bakina, kuma ba damar faɗa.