Dillalin da Ta Zaɓa

"Wancan nake so," in ji tsohuwar, tana nuna dillalin da ke gyangyaɗi a bakin ƙofa.

Babban ɗanta ya riƙe baki. "Haba Mama! Ga dillalai masu ofis da mota. Wannan ko akurkin kaji bai taɓa sayarwa ba."

"Kun ce a sayar da gida, na yarda. Dillali kuma ku bar mini."

Tun rasuwar mijinta yaran suka matsa mata. Ita kuwa ta gama shawararta: muddin gidan yana hannun wannan malalacin, mai saye ba zai zo ba. Za ta ci gaba da kwana a ɗakin da mijinta ya cika.

Bayan wata biyu dillalin ya yi sallama, ya rame, takalminsa ya cinye saboda yawon neman mai saye.

"Mama, tunda nake, babu wanda ya taɓa yarda da ni sai ke. Na rantse ba zan ba ki kunya ba. Ga mai saye a waje, rushewa zai yi ya gina shaguna."

Ta waiga ta dubi ɗakin mijinta, sannan ta dube shi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."