Wanda Ya Murɗe Wuyan Tattabarun

"Fita min daga gida!" ta ce wa ƙanenta, gawar tattabara ta uku a hannunta.

Wa za ta zarga in ba shi ba? Shi ne mai fasa kwanuka in ya hasala, ya dawo yana kuka. Mijinta kuwa bai taɓa ɗaga murya ba.

"Yaya, haukata a fili nake yi," ya ce, ya ɗauki jakarsa.

Washegari ta dawo daga kasuwa da wuri. Ta tarar da mijin a tsugune, yana murɗe wuyan ta huɗu a natse.

"Kai ne?"

Ya yi mata murmushin da ya sa ta aure shi.

"Na zaci sai na kashe goma za ki kore shi. Ashe uku sun isa. Wannan ta nishaɗi ce."