Ƙwaryar Maraɗi

A ɗakin Kaka, can Dudunni, akwai wata tsohuwar ƙwarya a cikin ragaya, an ɗinke tsagarta da baƙin zare. Ba a dama fura a cikinta, ba a ba da aronta.

Shekarar da aka rufe iyaka, wata rana bayan la'asar, ina tsince mata wake sai muka jiyo muryar Baba a zaure. Bai daɗe da zama mai unguwa ba. Wasu mutanen Maraɗi ne fari ya koro, suna neman masauki, shi kuwa yana ce musu umarni ya zo daga sama, kada a sauki baƙin ƙetare.

Kaka ta sa aka kira shi, ta sauko da ƙwaryar.

"Mai unguwa," in ji ta, "da wannan aka auna wa ubanka gero a Maraɗi shekarar yunwa. Ba wanda ya tambaye shi ƙasarsa."

"Inna, zamani ya canza. Rawanin nan za su cire mini."

Ta cika ƙwaryar da gero, ta miƙo mini.

"Kai musu. Ki ce su tafi da ƙwaryar ma. Gidan nan an manta da ita."

Baba ya riƙe rawaninsa har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma har yau, in na ji shugabanni a rediyo suna zancen zumunci da maƙwabta, ragayar nan nake gani, tana lilo babu komai a ciki.